Idan za a buga wa Majalisa kwandala, a buga wadda za ta shiga kasuwa

A 2023 Babban Bankin Pakistan ya fitar da kwandalar rupee 50 don cikar Majalisar Dattawan ƙasar shekara 50. A watan Mayun shekarar ita ma Indiya ta buga ta rupee 75 ranar da ta buɗe sabon ginin majalisarta, mai nauyin giram 35, rabinta azurfa. Ba a yi ta Indiyar don cefane ba, ta masu tara kayan tarihi ce.

Tamu Majalisar Tarayyar ta Najeriya za ta cika shekara 30 tana zama ba katsewa a 2029, tun daga dawowar mulkin farar hula a 1999. A ƙasar da sojoji suka sha rufe majalisa, wannan abin tunawa ne, kuma ina goyon bayan a buga mata kwandala. Amma da sharaɗi.

Mutane da yawa sun manta cewa mun taɓa yi. Kwandalar naira 2 da Babban Banki ya fitar a watan Fabrairun 2007, tare da ta naira 1 mai hoton Herbert Macaulay da ta kwabo 50, hoton ginin Majalisar Tarayya ne a jikinta. Yau ka ɗauke ta ka shiga kasuwar Tudun Wada a Gusau, ka miƙa wa mai tumatir ko mai ruwan leda, ka ga ko zai karɓa. Yaron da aka haifa a shekarar ya zama saurayi, wataƙila bai taɓa riƙe ta ba. Ba doka ce ta kashe ta ba, tsadar kaya ce ta haɗiye ta.

Iyayenmu sun yi zamani da anini da kwabo mai huda, da taro da sisi da sule, har sunayen suka zauna a bakinmu. Har gobe wanda aljihunsa ya bushe cewa yake ba shi da ko sisi. Hannu ne ya saba da su, shi ya sa baki bai manta ba. Kwandalar da aka rufe a akwatin gilashi aka raba wa sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 ba za ta taɓa samun wannan matsayi ba, ko da zinarin Anka aka ƙera ta.

Don haka a buga ta naira 100 ko 200, da yawa, a zuba ta a bankunan Gusau da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara. Duk wanda ke hawa Keke Napep ya san rigimar canji, ya san yagaggiyar ɗarin da aka liƙe da salatif wadda kowa ke ƙi. Mai shago ya ba ka alawa a madadin ragowar kuɗinka, ko farashi ya tsallake daga 150 zuwa 200 don kawai babu hamsin. Takarda tana mutuwa cikin 'yan shekaru a hannun mahauta da masu manja, ƙarfe kuwa yana kai wa jikoki.

Na san za a ce 'yan Najeriya ba sa son kwandala, kuma buga ta da tsada. A 2012, lokacin Sanusi Lamido Sanusi, Babban Banki ya so mayar da naira 5 da 10 da 20 kwandala tare da fitar da takardar naira 5,000. Majalisar ce da kanta ta tsaya kai da fata, Shugaba Jonathan ya dakatar da shirin. Tsoron da aka ji shi ne farashi zai tashi. To, an bar su a takardar leda, farashin bai fasa tashi ba, kuma yau da wuya ka ga naira 5 a hannun kowa. Abin da mutane suka ƙi shi ne kuɗin da ba ya sayen komai.

Saura shekaru kaɗan 2029. Sanatocin Zamfara uku da wakilanta bakwai suna da lokacin da za su kai maganar zauren, su nemi Babban Banki ya faɗi nawa yake kashewa duk shekara wajen sake buga takardun ɗari da suka lalace, a gwada da kuɗin buga kwandala.