Dokokin bindiga da albarushi a tsohuwar Amurka

Duk wanda ya tashi yana kallon fina-finan kaboyi zai ɗauka cewa a Amurka ta da, kowa na yawo da bindiga a kwankwaso kuma babu mai ce masa uffan. Takardun majalisun garuruwansu sun nuna akasin haka. A shekarar 1881 garin Tombstone na yankin Arizona ya kafa dokar da ta hana riƙe makami a cikin gari, baƙon da ya shigo sai ya ajiye bindigarsa a masauki ko a bargar dawaki. Shahararren musayar wutar nan ta ranar 26 ga Oktoba na wannan shekara, wadda mutum uku suka mutu a cikinta, ta faru ne lokacin da Virgil Earp, shugaban 'yan sandan garin, ya je kwance wa wasu makiyaya ɗamara bisa wannan doka.

Dokokin da suka fi jan hankalina su ne na albarushi. A 1783 jihar Massachusetts ta haramta ajiye bindigar da aka ɗura a cikin gida, ko shago, ko rumbun kaya a birnin Boston, wanda ya saɓa a ci shi tarar fam 10 kuma a iya ƙwace makamin. A 1784 aka iyakance wa mazaunin birnin New York albarushi laba 28, kusan kilo 13, kuma dole ya rarraba shi cikin tuluna ko gwangwanaye huɗu. Gobara suke tsoro, domin gidajen katako ne a manne da juna, kuma mai kashe wuta da ya kutsa gidan da ke ci bai san abin da ke jiransa a ɗaki ba.

Waɗannan tsofaffin takardu sun dawo da daraja tun 2022, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta soke sharaɗin jihar New York na cewa mai neman lasisin yawo da ƙaramar bindiga sai ya nuna dalili na musamman. Alƙali Clarence Thomas, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce dokar makami ta yau ba za ta tsaya ba sai an samo mata makamanciya a tarihin ƙasar.

A ganina wannan ma'auni gurgu ne. Mutanen 1784 sun yi doka ne a kan haɗarin da ke gabansu, wato bindigar toka da ake ɗura wa albarushi ta baki, a harba sau ɗaya a sake ɗuri. Ba su hango bindigar da ke ɗaukar harsashi talatin ba, don haka shirunsu a kanta ba izini ba ne. Ga kuma wani abin kunya, da yawa daga cikin dokokin wancan zamani an yi su ne don hana bayi da baƙar fata riƙe makami, kuma yau lauyoyin gwamnati kan rasa yadda za su yi sai sun kafa hujja da su.

An ga inda wannan hanya ke kaiwa a 2023, da wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar da ta hana riƙe bindiga ga mutumin da kotu ta umarta ya nisanci matar da yake cin zarafi, wai don ba a samu irinta a tarihi ba. Sai a 2024 Kotun Ƙoli ta maido da dokar da rinjayen alƙalai takwas, Thomas kaɗai ya ƙi amincewa.