Ƙannena Masu Ƙulla Furen Zare, Ku Ƙware Kafin Ku Fara Karɓar Kuɗin Mutane

Assalamu alaikum ƙannena, musamman 'yan matan garin nan namu na Sakkwato da suka shiga harkar ƙulla furanni da zare, wadda ake kira makarame. Kwana biyun nan duk inda aka je ganin jeren amarya, daga Mabera har Arkilla, daga Runjin Sambo har Gawon Nama, da wuya a rasa fure ɗaya ko biyu na zaren auduga, ko a rataye a bango ko a tsaye cikin tulun ado. Abin yana faranta mini rai ƙwarai. Sana'a ce ta halal, jarinta bai taka kara ya karya ba, kuma mace na iya yin ta a tsakar ɗakinta ba tare da ta nemi alfarmar kowa ba.

Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba zan iya yin shiru ba. Yarinya za ta kalli bidiyon minti biyar a TikTok yau, gobe ta shiga kasuwa ta sayo zare, jibi ta sanar a WhatsApp cewa ana karɓar aiki. Hannunta bai san zaren ba, zaren bai san hannunta ba, amma har ta karɓi kuɗin mutane. Fure ya fito wani ganye ya fi wani tsawo, tsakiyarsa an cika ta da gam don a rufe ɓaraka, mako biyu ya saki jiki ya langwaɓe. Mai saye ba za ta yi faɗa ba, don muna da kunya, amma ta tafi ke nan, kuma za ta gaya wa ƙawayenta cewa kayan 'yan gida ba su da ƙwari. Haka mutum ɗaya ke ɓata wa masu sana'a ɗari kasuwa.

Ku tuna a wane gari kuke. Sanannen labari ne a wurinmu cewa Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da duk ilminsa da jama'ar da ke bayansa, yakan tufka igiya da hannunsa a sayar ya ci daga ciki. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina birnin nan a 1809, ya yi wa shugabanni wasiyya da su kula da masu sana'a, maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, su tabbatar kowane gari yana da nasa. Har yau sunayen shiyyoyinmu suna ba da shaida: Marina, Majema, Madunka, Takalmawa. Fatar jan akuyar Sakkwato ta ƙetare Sahara ta isa kasuwannin Turai, inda suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take biyowa. Ba talla ce ta kai ta can ba, kyan jima da kyan aiki ne. Wanda ya fito daga irin wannan gida bai kamata a san shi da aikin sha-yanzu-magani-yanzu ba.

Kuma kada wata ta ɗauka ƙulle-ƙullen nan baƙon abu ne da waya ta kawo mana. Masaƙan ƙasashen Larabawa ne suka shahara da ƙulla gezar mayafai da tawul tun ƙarni na 13, daga nan abin ya bi ta Andalus ya shiga Italiya, ya kai Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 17, matuƙan jiragen ruwa suka yaɗa shi a tashoshin duniya, sannan ya sake tashe a Amurka a shekarun 1970. Mu ma nan muna da namu. Duk wadda ta taɓa kwana a ɗakin kakarta a ƙauye ta ga ragaya, igiyar da ake ƙullawa a rataye ƙwaryar nono ko fura a cikinta. Abin da ake sayar muku yau a matsayin maratayin tukunyar fure, ragaya ce aka yi wa kwalliya. Tsofaffin da suka ƙulla ta ba su da tef ɗin awo, amma ƙwarya ba ta taɓa karkacewa a cikinta.

To bari mu zo kan furen kansa, don a nan ake gane wadda ta zauna ta koya.

Abu na farko zare. Da yawa daga cikinku kuna sayen duk abin da mai shago ya miƙo, alhali zaren iri-iri ne. Akwai na auduga mai murɗi ɗaya, mai laushi, wanda in an warware bakinsa yake tajuwa ya baje. Akwai mai tufka uku, ya fi ƙarfi, ya fi dacewa da abin da zai ɗauki nauyi. Akwai kuma na roba mai sheƙi, mai santsi, wanda ƙullinsa ke zamewa kuma ba ya tajuwa ko kaɗan. Furen ɗaki mai murɗi ɗaya yake so, kaurin milimita 3, ko 2 in ƙaramin fure ne. Mai milimita 5 ku bar wa babban adon bango. In kina shakkar abin da aka sayar miki, yanki ɗan guntu ki kai masa ashana a waje: auduga za ta ci wuta ta bar toka mai laushi da ƙauri irin na takarda, roba kuwa narkewa za ta yi ta dunƙule ta yi tauri. Mai launi kuma ki jiƙa guntunsa ki goga a farin ƙyalle tun kafin ki fara. In ya zuba, ki mayar da shi, don ranar da damshi ya taɓa furen, jan zai malale cikin farin.

Sai awo. Ƙulli yana cin zare fiye da yadda ido ke zato. Abin da masu sana'ar suka saba shi ne a yanki zare ya kai kamar ninki huɗu na tsawon abin da ake son samu, kuma zaren da ke zagayawa yana ƙulli ya fi wanda ake ƙullawa a kansa ci nesa ba kusa ba. Mai rowar zare ita ke ƙarewa da haɗi a tsakiyar ganye, kuma haɗi ba ya ɓuya. Gara ya yi saura, guntayen ma suna da amfani, da su ake yin tuntu da tsakiyar fure.

Ƙullin da kike buƙata guda uku ne kawai. Na farko shi ne na ratayawa: ki ninka zare biyu, ki zura kan madaukin ta bayan zobe ko sanda, ki jawo jelar biyu ta cikinsa. Na biyu shi ne shimfiɗaɗɗen ƙulli na zare huɗu, biyu na tsakiya suna tsaye, na hagu da na dama suna musayar hannu. In kika manta kika riƙa farawa ta gefe ɗaya kullum, aikin zai murɗe kamar igiya. Na uku, wanda shi ne uwar aikin fure, zarge ne sau biyu a kan zare guda da kika riƙe a miƙe. Duk inda kika karkata wannan zaren na riƙo, can layin ƙullin zai bi, kuma da haka ake fitar da lanƙwasar ganye. Wannan na ukun nake roƙon kowace ta zauna da shi tukuna. Ki samu guntun katako ko matashi mai tauri, ki kafe aikin da allura, ki yi layi ki warware, ki sake yi, har sai ƙullin ya jeru kamar ƙwayar carbi, babu babba babu ƙarami. Hannun da ke riƙe da zaren riƙo ba ya sassautawa. Da zarar ya saki, ƙullin ya juye, layin ya karye.

Ga wani abu da bidiyo ba ya nunawa. Ƙarfin jan zare yana canzawa da yanayin mutum. Ganyen da kika ƙulla da safe hankalinki kwance, da wanda kika ƙulla da dare kina gyangyaɗi, ba za su zo daidai ba ko da adadin ƙullinsu ɗaya ne. Saboda haka in furen mai ganye biyar ne, yi ƙoƙari ki gama biyar ɗin a zama ɗaya, ki ɗora su kan juna ki duba. Wanda ya fita daban, ki warware shi. Na san warwara tana da ciwo, amma ita ce rabin sana'ar.

Masu yin ganyen taza kuma, wato wanda ake ɗaura gajerun zarurruka bibbiyu a jikin waya ko zaren tsakiya sannan a warware su a taje, kuskurenku ɗaya ne kusan kullum: saurin kai almakashi. Ki taje da mataji mai ƙananan haƙora, daga baki ki yo ciki a hankali, gaba da baya. Ki shafa ruwan sitaci, ki sake tajewa, ki danne shi a shimfiɗe ya bushe sarai a inuwa. Sai ya bushe za ki ɗora samfurin da kika yanka a kwali ki bi gefensa da almakashi mai kaifi. Wadda ta yanka da danshi za ta ga gefen ya fito kamar ɓera ya ci. Sandar furen waya ce, a naɗe ta da koren zare a matse, kada ƙarfe ya leƙo ko'ina, a lanƙwashe bakinta don kada ta soki yaro. Gam ɗigo ne a bayan fure, inda ido ba ya kaiwa. Duk furen da gam ne ke riƙe da shi, ba ƙulli ba, ba a gama shi ba.

Kuma ki wanke hannu kafin ki taɓa farin zare. A zafin garin nan na watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, gumi da man shafawa suna barin dauɗa a cikin ƙulli wadda wanki ba ya fitarwa. Ranar da kika sa lalle, ki hutar da aikin.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Ƙannena, ku ji tsoron Allah a kan hoto. Ɗauko hoton aikin wata daga Instagram ki liƙa a shafinki kamar naki, ki karɓi kafin alƙalami a kansa, sannan ki kawo abin da bai kama ƙafarsa ba, wannan algus ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Hadisin yana cikin Sahih Muslim, ya faɗe shi ne a kan mai sayar da abinci da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya sa busasshe a sama. Ɓoye ɓarakar fure a baya da nuna kyakkyawan gefe a hoto duk hanya ɗaya ce. Ki ɗauki hoton abin da hannunki ya yi, a hasken rana, gaba da baya. In mai saye ta turo miki wani samfuri da ba ki taɓa yi ba, ki ce mata, "Anti, ban taɓa yin irin wannan ba, ki ba ni lokaci in gwada, in ya yi sai ki biya." Wallahi wannan kalma ba ta rage miki daraja, ƙara miki take yi.

Haka alkawari. Kin san ranar jere ba ta ɗagawa saboda ke. Kada ki karɓi aikin biki uku a mako ɗaya alhali ga karatu, ga aikin gida, ga Islamiyya. Uwar amarya da ta aiko har sau uku ana ce mata gobe, ba za ta manta ba.

Farashi kuma, wasunku suna cutar kansu da 'yan uwansu. Don a ce ta fi kowa sauƙi, sai ta sayar a kuɗin da ko zaren bai mayar ba. Ki zauna da biro ki lissafa zare da waya da gam da sitaci, kuɗin kabu-kabun zuwa kasuwa, ledar da za ki naɗe, sannan awannin da kika ɓata kina sunkuye. Lokacinki ma kuɗi ne. Wadda ta karya farashi dole ta rage inganci don ta tsira, kuma dama Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Samari, ku ma ba a cire ku ba. Tufkar igiya da ɗinkin fata da saƙar hamila da tuntayen dawakin hawan Sallah, maza aka sani da su a ƙasar nan. Saurayin da ke zaman majalisa daga hantsi har la'asar yana jiran takardar ɗaukar aiki ba shi da hujjar raina mai ƙulla zare. Ni abin da ma nake buri shi ne in ga wani ya haɗa wannan aiki da namu na gado: fure mai tsakiyar jar fata daga Madunka, zaren da aka tura a baba ya yi shuɗi irin na marina, maratayin da aka ɗauko fasalinsa daga ragaya. Kwaikwayon abin da aka yi a wata ƙasa kowa na iya yi, kuma na kanti zai fi naki araha kullum. Wanda babu mai iya kawo shi daga waje shi ne wanda ya yi kama da Sakkwato.

In kin gama kin miƙa wa mai shi, aikinki bai ƙare ba sai kin gaya mata yadda za ta kula da shi, don garinmu garin ƙura ne. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ba ya barin komai fari. Ta rataye shi nesa da taga, kada rana ta kashe launin, ta riƙa kaɗe shi da busasshen buroshi mai laushi, kada ta jefa shi cikin ruwa ta cuɗa, don sitacin zai narke ganyen ya cukurkuɗe. In wani wuri ya yi tabo, ɗan ƙyalle mai danshi ya isa, a danna ba a goga ba. Sannan ki ja mata kunne sosai a kan kaskon turaren wuta. Hayaƙi yana mayar da farin zare rawaya, kuma audugar da aka taje tana kama wuta cikin ƙiftawar ido. Ɗakin amarya cike yake da labule da katifa, don haka ki faɗa mata da bakinki, in ta kama ma ki rubuta a 'yar takarda ki saka cikin ledar: kada a ajiye kasko ko kyandir a ƙarƙashin furen, kuma a rataye shi inda hannun yara ba ya kaiwa.