Karenka Amanarka Ne, Hanya Kuwa Ta Kowa Ce

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku ƙannena da kuka shiga harkar kiwon karnuka.

A 'yan shekarun nan kiwon kare ya canza kama a garuruwanmu. Da can mai kare sananne ne: ko mafarauci, ko makiyayi, ko mai lambu a bakin fadama. Yanzu kuwa saurayi zai tara kuɗi ya sayo ɗan kwikwiyon Alsheshan ko Rotwaila ko Boyabul, wani don gadi saboda ɓarayi sun addabi unguwa, wani don ya hayayyafa ya riƙa sayarwa, wani kuma a TikTok ya gani ya burge shi. Ni ba na cikin masu yi wa duk mai kare kallon ɗan iska. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake sakin karnukan nan a lungu da titi kamar babu kowa a garin, kuma in an yi magana sai ka ji amsa guda ɗaya a bakin kowa: "Ai ba ya cizo."

Ɗan uwa, kai ne ba ya cizo, domin kai ke ba shi abinci. Bai san yarinyar da ta ɗauko tallan gyaɗa ba. Bai san almajirin da ya tsaya ƙofar gida da robarsa ba, bai san dattijon da ya fito sallar asuba yana dogara sanda cikin duhu ba. Kuma ko da bai ciji kowa ba, firgitar ma cuta ce. Yaro ya ga ƙaton kare ya nufo shi, ya kwasa da gudu ya faɗa gaban mai babur, wa za a tambaya? Mace mai ciki ta zabura ta zame cikin kwata, haƙƙin yana wuyan wa? Akwai layukan da yara 'yan Islamiyya suka daina bi gaba ɗaya, suna zagaye mai nisa, saboda gida ɗaya da ba a rufe ƙofarsa. Mai gidan kuma yana zaune a dandali ana hira, ko a jikinsa.

Manzon Allah (SAW) da sahabbai suka ce ba makawa sai sun zauna a bakin hanya, sai ya umarce su da su ba hanya haƙƙinta, ya lissafa runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Kame cuta. In har mai zama kawai an ɗora masa wannan, ina ga wanda ya fito da dabba mai haƙora? Game da kiwon kansa, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, ana rage masa lada kullum, wata ruwaya ta ce ƙiraɗi ɗaya (wani ma'aunin lada ne), wata ta ce biyu. Littafin Risala da muka karanta a zaure shi ma haka ya kawo, har ya ƙara da cewa farautar ta zama ta neman abinci, ba ta wasa ba. Malamai da dama sun yi sauƙi a kan karen gadin gida idan akwai buƙata ta gaske, kuma masu sharhi sun ruwaito cewa shi kansa mai Risalar, Ibn Abi Zaid, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron a shigo masa. To amma ku lura, sauƙin da aka yi don buƙata ne. Ba a yi shi don ka ja kare zuwa majalisa kana cuna shi ga abokai ana shewa ba, ko don a haɗa karnuka biyu faɗa a bayan gari ana ɗaukar bidiyo suna yayyaga juna. Wannan zalunci ne ga mutane, zalunci ne ga dabbar.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi tayar mini da hankali, wato cutar haukan kare, domin na lura da yawanmu ba mu san girmanta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar nan tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke ɗauka, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun karen. Idan ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, ko ya lashi wurin da ke da rauni, sai ta shiga ta bi jijiya a hankali tana hawa har ta kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa cizon fuska da wuya ya fi saurin kisa, tafiyar gajera ce, kuma daidai nan bakin kare yake kai wa ƙaramin yaro. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. A tsakanin nan ciwon ya warke, tabo ya bushe, kowa ya manta. Sai wata rana yaro ya tashi da zazzaɓi, yana cewa wurin tsohon cizon yana masa ƙaiƙayi ko zugi. Bayan kwana kaɗan ƙishirwa ta dame shi, uwarsa ta miƙo masa moɗa, da ya ga ruwan sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture hannunta yana firgita, yawu na zuba. Ko iskar mafici aka kaɗa masa sai ya zabura. A nan ne ake cewa iska ce ko sammu, a yi ta yawon neman taimako, alhali idan alamun nan suka fito, kusan babu wanda ke tashi. Likita ma sai dai ya rage masa raɗaɗi.

Abin takaicin shi ne wannan mutuwa ce da Allah ya ba mu hanyar kauce mata tun tuni. Tun 1885 wani masanin kimiyya mai suna Luwi Fasto ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allura a Faransa, yaron ya rayu, kuma ranar rasuwar wannan masani, 28 ga Satumba, ita aka ware duk shekara don wayar da kai a kan cutar. A nan gida, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka, tana kuma gwada kan karen da ake zargi. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar takan daina yawo a tsakaninsu. Ka ga ke nan ashe tsare ran yaran unguwa yana hannun masu karnuka kafin ya kai ga hannun likitoci.

Saboda haka, ƙanena, in kwikwiyonka ya kai wata 3, ka kai shi asibitin dabbobi a yi masa allura, a ba ka kati, ka adana katin, ka riƙa maimaitawa duk shekara. Kar ka yarda da mai sayarwa da ya ce maka "an riga an yi masa" ba tare da takarda ba. Kar ka sayi allura a hannun mai yawo da ita cikin aljihu a tsakar rana, domin maganin sanyi yake so, zafi na lalata shi. Kuɗin allurar kare bai kai na abincin da kake saya masa ba, bai kuma kama ƙafar abin da za a kashe wa mutum ɗaya da aka ciza ba. Wanda ya iya sayen kare mai tsada amma ya ce ba shi da kuɗin allura, gaskiya bai shirya riƙe kare ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ku 'yan farauta, maganar nan ta fi shafarku. Idan an gama girbi kuka cika mota da karnuka kuka shiga daji, suna haɗuwa da namun dawa da karnukan wasu garuruwa, a yi cije-cije, sannan ku dawo da su cikin gari ku sake. Ina roƙon shugabanninku da sarakunan dawa su mai da allura sharaɗin fita. Kun fi kowa sanin darajar kare mai horo, Alƙur'ani ma ya ambaci dabbobin farauta da aka koyar a Suratul Ma'ida. Kare mai horo shi ne wanda in ka kira shi ya dawo, in ka tsawatar ya tsaya.

A lura kuma, ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizon duk abin da ya gani ba. Wani lafewa yake yi a lungu, haɓarsa ta saki, yawu na dalala, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mai shi don tausayi sai ya zura hannu zai ciro. Kada ka yi. Ka rufe shi, ka kira likitan dabbobi.

Batun fita da kare kuwa ba shi da wahala. Igiya mai ƙarfi, gajera, a hannun babba da zai iya riƙewa, ba a hannun ƙaninka ɗan shekara 10 da kare zai ja shi a ƙasa ba. Idan karen mai zafi ne, a sa masa takunkumi. A kauce wa ƙofar makaranta da masallaci da bakin kasuwa, a zaɓi lokacin da hanya ba cunkoso. Ka ga mutum ya tsorata, ka janye karenka gefe ka ba shi hanya, ba sai ya roƙe ka ba. Turawan da kuke kwaikwayo a bidiyo ma ba haka kawai suke sakin nasu ba. A Ingila tun 1991 aka yi dokar karnuka masu haɗari wadda ta haramta irin su Fitbul, kuma mutum na iya shiga kurkuku idan karensa ya ji wa wani rauni. An kwaso kwalliyar an bar dokar a can. In kuma ya yi kashi a hanya ka kwashe, domin a cikin ƙasar nan yara ke wasan langa da 'yar carafke, kuma kashin kare na ɗauke da ƙwan tsutsa da ke cutar da su.

A gida, katanga ta zama katanga, ƙofa ta zama mai rufuwa. Mai sakin karen gadi da dare ya tabbata cikin gidansa yake, ya kuma mayar da shi kafin a fara fita asuba. In haushinsa na hana maƙwabta barci, akwai marar lafiya, akwai mai jego, to ka nemi dalili. Sau da yawa yunwa ce, ko ƙishi, ko ɗauri.

Nan ma akwai gyara, domin shi ma karen yana da haƙƙi a kanka. Za ka shiga wani gida ka tarar da kare ɗaure da sarƙar da ba ta fi kamu uku ba, a jikin turke, rana ta take a kansa, kwanon ruwa ya bushe ƙayau, kunnuwa cike da kaska, ƙudaje sun cinye gefensu har jini. Wai don ya yi zafi. Irin wannan karen ranar da sarƙa ta tsinke, wanda ya fara gamuwa da shi ya shiga uku. Mun san hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Mun san na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Inuwa, ruwa, abinci, maganin kaska da na tsutsa, da wurin motsa jiki, waɗannan wajibinka ne. In karya ta haihu ba ka da halin riƙe 'ya'yan, kada ka zuba su a kwali ka kai juji, su ne gobe za su zama karnukan da ba su da mai su. Ka nemi wanda zai riƙe, ko ka tambayi likita yadda ake hana ta haihuwa.

Ku kuma da ba ku da kare, ku ja kunnen ƙannenku. Jifan kare ba wasa ba ne. Kada yaro ya taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya mai shayarwa. In kare ya nufo shi ya tsaya cik, ya haɗe hannuwa a jiki, kada ya zura masa ido, kada ya ruga. Mafi muhimmanci, a saba wa yara su faɗa in an cije su ko an yakushe su. Da yawa suna ɓoyewa don tsoron duka, musamman almajirai da ba su da wanda za su kai wa kuka. Alarammomi, don Allah ku riƙa tambaya.

Idan tsautsayi ya faɗa, abu na farko shi ne a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa, har minti 15 cur. Wannan wankin kaɗai yana rage haɗari sosai. Daga nan sai asibiti a ranar, ba gobe ba. Kada a tsaya ƙona gashin karen ana barbaɗawa, ko a cusa barkono ko toka, kada kuma a ɗaure ciwon tamau. Allurar mutum ba guda ɗaya ba ce, akwai ta ranar farko, da ta rana ta 3, da ta 7, da duk abin da likita ya ƙara rubutawa, kuma dole a cika su ko da ciwon ya warke. In cizon mai zurfi ne akwai wani maganin daban da ake yi a jikin ciwon.

Kai kuma mai kare, a nan ake gane ɗan halak. Kada ka ɓoye karen, kada ka ce ba naka ba ne, kada ka yi saurin sayar da shi ko ka kai shi wani ƙauye. Malaman fikihunmu sun ɗora lamuni a kan mai kare mai cizo da aka yi wa gargaɗi ya ƙi ji, amma bai kamata ka jira a kai ka gaban mai unguwa ko alƙali ba. Ka je gidan da kanka ka ba da haƙuri, ka nuna katin allura in kana da shi, ka ɗauki nauyin magani. Sannan ka kulle karen inda ba zai taɓa kowa ba, kana ba shi ci da sha, likitan dabbobi na dubawa har kwana 10, su kuma can suna ci gaba da allurarsu ba tare da jiran sakamako ba. In ya canza hali ko ya mutu cikin kwanakin nan, kada a feɗe shi, kada a jefar a bola. A bar wa likita ya aika da kan a gwada, kai kuma ka sanar da iyayen yaron da duk wanda karen ya lasa ko ya yakusa, a wannan ranar.