Kafin ka sayi fulat ɗin da aka yi wa kwaskwarima a Garki ko Wuse

Jama'a, mai neman gida a tsofaffin unguwannin Abuja ya daina kallon tayil da fitilun silin. Benayen Area 1 zuwa Area 11 a Garki da na Zone-Zone a Wuse, yawancinsu an gina su ne don ma'aikatan da aka kwaso daga Legas, tun kafin gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamba na 1991. A zamanin Obasanjo, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin, aka sayar da su ga mazauna ciki da sauran jama'a. Yau wani zai sayi guda, ya shafe shi da fenti, ya zuba masa sabon kicin, ya ɗora farashi. Kyan ɗan maciji ke nan, domin gyaran ya tsaya a bakin ƙofarsa, alhali rufin da bututun ruwan da magudanar bayan gida na mutum shida ne ko takwas, kuma shekarunsu sun kai arba'in ko sun doshi haka.

Ni a ganina unguwannin sun cancanci kuɗinsu: titi shimfiɗaɗɗe, ruwan famfo, babbar magudanar gwamnati maimakon sokawe, ga kusanci da sakatariya da kasuwar Wuse. Amma sai an bincika.

A fara da takarda. Lauyanka, ba na mai sayarwa ba, shi zai je AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja, ya nemi binciken fayil a rubuce: sunan wa ke kan gidan, akwai jingina ko babu, ana bin harajin ƙasa na shekara nawa. Ma'aikata da yawa da rancen banki suka biya, don haka takardar asali tana iya kasancewa a hannun banki har yanzu. A nemi takardar tayin da gwamnati ta ba mai saye na farko, da rasit ɗin biyansa, da yarjejeniyar duk hannun da gidan ya bi ya wuce. Idan na gado ne, sai an ga takardar kotu da amincewar magada, kada a tsaya ga maganar babban wa shi kaɗai. Kuma dokar filaye ta 1978 ta sa sai da amincewar minista mallaka ke komawa sunanka a Abuja.

Sai ginin. A nan ne mutane ke asara, kuma abin yana ba ni takaici domin kuɗin injiniya na yini ɗaya bai kai kuɗin ƙofa guda ba. Masu kwaskwarima suna son rushe bangon da ke tsakanin falo da kicin don wuri ya buɗe. Idan bangon yana ɗauke da nauyin hawan da ke sama, tsagewa za ta biyo baya, galibi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga. Ka shiga fulat ɗin maƙwabci na sama ko na ƙasa wanda ba a taɓa ba, ka gwada tsarin ɗakunan. Duk bangon da ya ɓace, a nuna maka izinin hukumar kula da gine-gine.

Ruwa kuma, tsofaffin bututun ƙarfe suna tsatsa ne daga ciki har ramin ya tsuke. Sau da yawa kan famfon kawai ake sauyawa, bututun cikin bango yana nan. Buɗe famfon kicin da shawa lokaci guda, ka ja ruwan masai: idan ƙarfin ya faɗi, ko ruwan farko ya fito ja-ja, akwai fasa bango a gabanka, tayil ɗin da ka biya kuwa ya tafi. Ka toshe magudanar banɗaki, ka tara ruwa a ƙasa ya kwana, washegari ka duba silin maƙwabcin ƙasa. Mai son hawa na ƙarshe ya je kallo a watan Agusta ko Satumba, ya sa a buɗe silin POP a leƙa da tocila, domin shi ne mafakar yoyo. Fentin da ya kumbura a gindin bango danshi ne, kuma zai dawo.

Wayarin ma haka. An yi shi ne lokacin da gida bai wuce fanka da firji da talabijin ba. Mai lantarki ya buɗe akwatin rarraba wuta ya gani: soket na son waya mai kauri 2.5mm², na'urar sanyaya ɗaki da hita kowanne da layinsa na kansa mai kauri 4mm², sannan a gwada wayar ƙasa. A kai lambar mita ofishin AEDC, kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja, a tabbatar babu tsohon bashi, haka ma hukumar ruwa.

Kafin ka biya ko sisi, ka zauna da mazauna benen ba tare da dillali ba. Ka tambaye su wa ke gyara rufi idan ya yi yoyo, nawa kowa ke bayarwa na mai gadi da shara, wa ya ƙi biya, ina wurin ajiye motar wannan fulat ɗin, kuma akwai wanda ya mayar da nasa ofis ko masaukin kwana-kwana. Idan babu rubutacciyar yarjejeniya a tsakaninsu, ka sani gyaran rufin zai faɗa kan wanda ruwa ke zuba a ɗakinsa, sai ka rage wannan kuɗin daga tayinka tun yanzu.