Wai shayi ne, amma da ƙanƙara

Jama'a yau dai bari in amayar da abin da ke raina kan shayin ƙanƙarar nan na Amurkawa, musamman mutanen jihohin kudu irin su Jojiya da Alabama da Karolina ta Kudu. Ranar farko da na shiga irin shagunan nan da ake sayar da soyayyar kaza da dankali ta tagar mota, na ce a ba ni shayi, ni a raina ina hango kofi yana tururi kamar na teburin mai shayi, sai ga yarinya ta miƙo min wani zungureren kofin roba cike dam da ƙanƙara, ruwa ja-ja a ciki, har gumi yake yi a hannuna. Na kurɓa sau ɗaya na ce innalillahi, ai wannan zuma ce aka tsinka da ruwa.

Su a wurinsu ba abin wasa ba ne fa. A 2003 wasu 'yan majalisar jihar Jojiya har ƙudiri suka kawo wai duk gidan abincin da ke sayar da shayin ƙanƙara dole ya ajiye mai sukari, cikin raha suka yi amma dai ka ga inda abin ya kai. Tun baje kolin duniya na birnin St. Louis a 1904 shayi mai sanyi ya yi suna a ƙasar, yanzu kuwa manyan gidajen abinci irin su McDonald's da Chick-fil-A duk suna da shi a jerin abin sha, kusa da lemon kwalba.

To ga inda nake da magana. Sunan shayi ɗin nan shi ke yaudarar mutane. Mutum zai ce maka shi ya bar shan lemo saboda lafiya, ya koma shayi, alhali yadda ake haɗa shi tun yana tafasasshe ake antaya sukari don ya narke tas, sannan a sanyaya, kuma sanyi yana dakushe harshe, zaƙin da in da zafi ne ba za ka iya haɗiyewa ba sai ka ga ka zuƙe shi da tsinke kana danna waya. Ga shi a wurare da yawa in ka zauna a ciki kofin ya ƙare sai ka tashi ka ƙaro kyauta, ba mai ce maka kanzil. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, wajen giram 50 ke nan ga babba, kamar ƙaramin cokali 12. Babban kofi biyu da cin kaza ɗaya, ka yi lissafi da kanka.

Na san wani zai ce malam mu da muke zuba wa shayi sukari da madarar gwangwani har cokali ya kusa tsayawa, mu ne za mu yi wa wani gori? Gaskiya ne, ban wanke mu ba. Ko shayin Buzaye ma ai zaƙi ne zalla, sai dai shi a ɗan mitsitsin kofin gilas ake sha, zagaye uku, ana hira ana jiran gawayi ya kama, ba a bokiti ba kana tuƙi.

Ni dai yanzu dabarar da wani dattijo baƙar fata ya koya min a layi ita nake bi, in ce a zuba min rabi mai sukari rabi marar sukari, a matsa lemon tsami. Da zafin watan Yuli na Atlanta, babban birnin Jojiya, wallahi yana shiga, ba zan yi ƙarya ba. Amma in na dawo gida da dare sai na ɗora butata a wuta, da citta da kanumfari.