Masu haɗa katin ranar haihuwa, zanen nan na wane ne?

Masu haɗa katin murnar zagayowar ranar haihuwa a nan Sakkwato, sannunku da ƙoƙari, amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai shiga Pinterest ko Instagram, ya ga zanen furanni da wata baiwar Allah ta kwana tana yi, ya sauke, ya yanke gefen da ta sa hannu, ya buga ya sayar. Wannan cin haƙƙi ne. Ganin hoto a intanet bai mayar da shi na kowa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bar wa mai zane ikon aikinsa muddin ransa, magada kuma su riƙe har shekara 70 bayan rasuwarsa.

Kuma halak ɗin bai yi wuya ba. Tun 2017 gidan tarihin Metropolitan da ke Amurka ya saki hotuna sama da 375,000 da alamar CC0, wato ka ɗauka ka yi abin da ka ga dama, har sayarwa. In ka ga alamar CC BY tare da hoto, dole ka rubuta sunan mai aikin da ita alamar, bayan kati ya wadatar. In akwai NC, kyauta kawai za ka bayar, ban da ciniki. Mai zanen da ke raye kuwa, aika masa saƙo, faɗi kati nawa za ka buga da ko na sayarwa ne, ka adana amsarsa. Haka ma hoton 'yar mutane, a nemi izini tukuna.

Ni dai na fi son mu waiwayi namu: dagi, aska takwas ta babbar riga, zanen lalle. Zana da hannunka. Guntun jar fata da dukawa ke ragewa, in an yanka ta siririya aka liƙa a gaba, ta fi duk wani hoton aro.

Takarda kuma, nemi kwali mai nauyin gsm (ma'aunin nauyin takarda) 250 zuwa 300, don ta buga rubutu ba ta tsayuwa. Raba A4 biyu, ninke kowane rabi, ka sami kati biyu masu santimita 10.5 da 14.8. Kafin ninkewa, ɗora rula ka ja layi da biro da tawadarsa ta ƙare. Rashin yin haka ne ke sa ƙashin bayan kati ya tsattsage, farin da ke cikin kwalin ya fito, musamman da hunturu. Gam mai ruwa yana jiƙa takarda ta kumbura, in ta bushe ta lanƙwashe. Yi amfani da na sanda ko salatif mai fuska biyu, fata kaɗai ke son ɗigon gam mai ƙarfi, sannan a danne da littafi mai nauyi ya kwana.

Hoton da zai cika fuskar katin yana buƙatar kusan fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 1240 a faɗi da 1748 a tsawo. WhatsApp yana matse hoto, don haka tura wa mai bugawa a matsayin fayil, in ba haka ba ya fito dishi-dishi. Tawadar firinta mai ruwa kuma ba ta shiri da gumi, a bari ta bushe sosai kafin a taɓa.

Don Allah a daina buga ayoyi a kan kati, yawancinsa a shara yake ƙarewa. "Allah ya ƙaro shekaru masu albarka" da rubutun hannu ya isa.