Ƙuna ba matsalar samari kaɗai ba ce

Mutane da yawa sun ɗauka samari ne ƙuna ta fi yi wa illa, tunda su ke wasa da fetur da taɓa wayar lantarki. Gaskiya ne, sukan ƙone a waje ko wurin aiki. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 a shekara, kuma mata sun ɗan fi maza mutuwa, saɓanin sauran raunuka.

Ita budurwa a bakin murhu wutar ke samunta. Ta sunkuya gyara itace, gefen tufarta ya kama, kafin a kashe wutar ta ci ƙirji da cinya, kuma faɗin ƙunar ke kisa. Abin takaici, sai a ce tsautsayin girki ne, a shafa mai, a makara zuwa asibiti.